Darasin Mayar Da Haƙƙi: Inda Ɗalibin Lauya Ke Fara Sanin Aikinsa

Duk wanda ya ɗauki ƙafa ya tafi kotu, akwai abin da yake so ya komo gida da shi. Wani kuɗinsa yake nema, wani gonarsa, wani kuwa so yake a hana maƙwabcinsa rushe masa katanga. Saboda haka ne malaman shari'a ke ba da muhimmanci ga fannin nan da Turawa ke kira remedis, watau hanyoyin da kotu ke bi ta share wa wanda aka zalunta hawaye.

A Nijeriya ɗalibi yakan yi shekara 5 a jami'a, sa'an nan ya ƙara shekara ɗaya a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka buɗe a Legas cikin 1963, aka mai da hedkwatarta Bwari ta Abuja cikin 1997. A jami'a yakan tarar da fannin a warwatse cikin dokar kwangila da ta ɓarna da ta amana. Sai ya zo makarantar lauyoyi za a ce ya zauna ya rubuta takardar ƙara, ya jera abin da yake roƙon kotu ɗaya bayan ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai riƙe darasin tun daga tushe ba, a nan zai ga ta kansa.

Abu na farko da ake koya wa sabon ɗalibi shi ne, inda duk akwai haƙƙi, to, lalle akwai hanyar mayar da shi. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da wannan ƙa'ida cikin 1986, a shari'ar iyalan Nasiru Bello da Babban Lauyan Jihar Oyo. An yanke wa Bello hukuncin kisa bisa laifin fashi da makami, ya ɗaukaka ƙara, amma tun ba a saurare ta ba aka zartar da hukuncin cikin 1981. Iyalansa suka nemi diyya, kotuna biyu suka kore su bisa dalilin cewa ba su ɗora ƙararsu a kan dokar da ta dace ba. Kotun Ƙoli ta ce atafau ba za a bar zalunci irin wannan ya wuce haka nan ba, ta ba su Naira 7,400.

Abu na biyu shi ne rabe-raben hanyoyin. Nijeriya ta gaji dokar gama-gari ta Ingila, ta kuma gaji wani reshe da ake kira ikwiti, wanda ya taso domin sassauta tsananin dokar. Babbar hanyar dokar gama-gari ita ce diyya ta kuɗi, wadda nufinta shi ne a mai da mutum matsayin da zai kasance da ba a cuce shi ba. Ikwiti kuwa shi ya zo da umarnin hani da umarnin tilasta cika alkawari. Waɗannan biyun alƙali yana da ikon bayarwa ko hanawa, kuma ba ya bayarwa sai in kuɗi ba za su rufe asarar ba. Alal misali, in an saɓa cinikin buhun gero, kuɗi sun wadatar, gama gero na nan a kasuwa. Amma in fili ne, kotu na iya tilasta a miƙa shi, domin babu fili biyu da suka zama ɗaya. Har wa yau, ikwiti ba ya taimakon wanda ya yi sakaci da lokaci, ko wanda shi kansa ya zo da rashin gaskiya.

Abu na uku shi ne iyakar diyya. A nan kusan kowane malami yakan fara da shari'ar Hadley da Baxendale ta 1854. Wani ƙarfe ne ya karye a injin niƙa a garin Gloucester na Ingila, aka ba masu sufuri su kai shi inda za a ƙera sabo. Suka yi jinkiri na 'yan kwanaki, injin ya tsaya cik. Masu injin suka nemi ribar da ta kuɓuce musu, kotu ta hana, domin ba a shaida wa masu sufurin cewa aikin duka ya rataya ga wannan ƙarfe ba. Watau ba a biyan mutum sai asarar da bisa al'ada takan biyo bayan saɓa alkawari, ko wadda ɓangarorin biyu suka san da ita tun ranar ciniki. Kotunan Nijeriya suna bin wannan ƙa'ida har yau.

Ya kamata ɗalibi ya riƙa karanta kowace shari'a da tambayoyi uku a ransa: me mai ƙara ya roƙa, me aka ba shi, mene ne dalili? Sa'an nan ya saba da Tsarin Mulki na 1999, musamman sashe na 46 da ya ba mutum damar zuwa Babbar Kotu in an taɓa haƙƙinsa, da sashe na 35 da ya tanadi diyya da neman afuwa a bainar jama'a ga wanda aka tsare ba bisa doka ba.

Gargaɗi na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Kotu ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba, kamar yadda Kotun Ƙoli ta faɗa cikin 1975 a shari'ar Ekpenyong da Nyong. Lauyan da ya tabbatar an zalunci talaka, amma ya manta roƙon a mayar masa da gonarsa, ya ci shari'a a takarda, mai gona kuwa ya koma gida hannu banza.