Ko Kun Sani? Bankin da Ya Faro da Dala 27

A 1976, Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki a Jami'ar Chittagong ta Bangaladash, ya tarar da matan ƙauyen Jobra suna wuni saƙar kujerun gora, amma ribar tana ƙarewa a aljihun masu ba su bashi. Abin takaici, jarin da mutum 42 suke nema gaba ɗaya dala 27 ne kacal! Ya ranta musu daga aljihunsa, suka kuma biya.

Daga nan aka kafa Bankin Grameen a 1983. Ba ya neman jingina, kuma sama da kashi 90 cikin ɗari na masu karɓar rancensa mata ne. A 2006 Yunus da bankin suka sami kyautar Nobel ta zaman lafiya.