Abin da ya kamata ku sani game da na'urar da ke tsayar da inji kafin ya ci hannun mutum

Idan ka taɓa shiga masana'anta, ta robobi ce a Sharaɗa ko ta jimar fata a Challawa, ba mamaki idonka ya kai kan wani jan madanni mai faɗin kai, a kan rawayan allo a jikin inji. Shi ne madannin tsayarwar gaggawa. Ma'aikaci ya buga shi da tafin hannu, inji ya yi tsit. Sai ka ɗauka irin makunnin fitilar ɗaki ne. Ba haka ba ne. A bayansa, cikin akwatin ƙarfen nan da masu aikin lantarki ke kira fanel, akwai wata na'ura da ba ta da wani aiki sai tabbatar da cewa bugun nan ya yi amfani a ranar da hannun mutum ya shiga haɗari.

Mece ce wannan na'ura?

Mu kira ta na'urar tsaron inji. Mafi sauƙinta shi ne rile na tsaro. Rile makunni ne da wutar lantarki ke buɗewa da rufewa maimakon yatsa. Na tsaron ɗan akwatin roba ne da zai zauna a tafin hannunka, sau da yawa rawaya ko ja, da ramukan ɗaura waya sama da ƙasa, da 'yan fitilu a fuskarsa. Kamfanin Pilz na ƙasar Jamus ya fito da nasa mai suna PNOZ a 1987, yau kuma Siemens da Sick da Omron da Schneider duk suna yin irinsa. Akwai manya da ake tsara su da kwamfuta, masu iya kula da ƙofofi da madannai da yawa a lokaci guda.

Aikinta sauraro ne. Tana sauraron jan madannin, da makunnin da ke jikin ƙofar kejin inji, da labulen haske, wato sanduna biyu da ɗaya ke harba wa ɗayan hasken da ido ba ya gani, wanda da hannu ya ratsa shi sai a tsaya. Idan ɗayansu ya ce akwai haɗari, sai ta saki kontakta, babban makunnin da ke kai wa mota wuta. Mota a nan ita ce injin lantarkin da ke juya komai.

Ai injin yana da kwamfutarsa, me ya sa ba ta isa ba?

Tambaya ce mai kyau. Kwamfutar da ke tafiyar da inji, wadda ake kira PLC, an gina ta ne don aiki ya tafi. Idan wani abu ya ƙone a cikinta, tana iya maƙalewa a kan umarnin ci gaba, kana buga madanni ba ta jin ka. Ita kuwa na'urar tsaro an gina ta a kan tunanin cewa ita kanta wata rana za ta lalace, kuma idan ranar ta zo, lalacewarta ta zama tsayawar inji. Duk yadda ake haɗa wayoyinta daga wannan tunani ya fito.

Yaya ake haɗa wayoyin?

Abu na farko zai iya ba ka mamaki: kullum akwai 'yar wuta da ke zagayawa ta cikin jan madannin, galibi mai ƙarfin bolt 24, wadda ba ta jan mutum. Buga madannin yanke wannan zagaye yake yi. Ka ga hikimar? Da a ce bugun ne ke aika wuta, ranar da ɓera ya cinye wayar a cikin bututu babu wanda zai sani, sai an zo bugawa a tarar ba komai. Amma da yake wutar tana gudana koyaushe, tsinkewar waya da bugun madanni duk ɗaya ne a wurin na'urar. Inji zai tsaya, a nemo dalili.

Na biyu, ba a yarda da layi ɗaya a inda haɗari ya yi yawa. Ana jan layi biyu daga madanni ɗaya, kowanne da makunninsa a ciki. Na'urar tana sa ran su buɗe tare, su rufe tare. Idan ɗaya ya buɗe ɗaya ya ƙi, wanda ya buɗe ɗin ya isa ya tsayar da inji, sannan na'urar ta ƙi yarda a sake tayarwa har sai an gyara ɗan'uwansa. Wannan ƙin yardar shi ne ainihin amfaninta. Ba don shi ba, da sai a ci gaba da aiki da layi ɗaya ba a sani ba, har shi ma ya mutu.

To idan wayoyin biyu suka goge suka haɗu da juna fa, kamar yadda yake faruwa inda ƙofa ke matse kebur? Su ma masu ƙera na'urar sun yi wannan tunani. Wasu suna ba layi ɗaya ɓangaren fitowar wuta, ɗayan ɓangaren dawowa, ta yadda da sun haɗu fis ɗin ciki zai yanke. Na zamani kuma suna ɗan ƙyafta wutar kowane layi a lokacinsa daban, ƙyaftawar da ba ta kai motsa komai ba. Idan na'urar ta kashe layin farko na ɗan wannan lokaci amma ta ga har yanzu da wuta a kansa, ta san daga wani wuri wutar ke shigowa.

Idan ka leƙa fuskar irin wannan rile, a yawancinsu za ka ga A1 da A2, nan wutar da ke raya shi take shiga. S11 da S12 na layin farko ne, S21 da S22 na biyu. Lamba 13 da 14, da 23 da 24, su ne bakin da ke riƙe da kontakta. Amma kowane kamfani da ɗan bambancinsa, don haka takardar da ta zo da na'urar ita ce abin bi.

Idan kontaktar ce ta ƙi saki fa?

Yana faruwa. Duk sanda kontakta ta buɗe ko ta rufe akwai tartsatsi, wata rana kuma ƙarafunan bakinta su narke su manne kamar an yi musu walda. Shi ya sa ake jera biyu, ɗaya bayan ɗaya. Kowacce tana da wani ɗan ƙaramin baki da aka ƙera shi yadda ba zai iya rufewa ba muddin babban bakin yana manne. Daga nan ake jan waya a mayar wa na'urar tsaro, ta zama mai kawo rahoto. Rahoto bai zo ba, ba tashi.

Sannan akwai madannin sake shiri, sau da yawa shuɗi. Janye jan madanni ko rufe ƙofa bai kamata ya tayar da inji da kansa ba. Sai mutum ya duba ba kowa a ciki, ya danna shuɗin, sannan ya danna na tayarwa.

Me fitilun suke faɗa maka?

Ɗauki misalin wani safe: an danna shuɗin madanni, inji ya ƙi. Mai gyara ya buɗe fanel. Fitilar wuta tana ci, ta layin farko tana ci, ta layi na biyu a mace. Ba sai ya kwance komai ba, ya riga ya san inda zai nufa: wata waya ta kwance a layi na biyu, ko makunnin ƙofa ya goce saboda girgiza. Idan duka biyun lafiya amma ba a samu tashi ba, sai a tuhumi kontakta ko shi shuɗin madannin. Manyan na'urori kuma suna aika bayani zuwa allon mai tuƙa inji, ya ga a rubuce cewa ƙofa ta uku ce a buɗe.

Ka riƙe wannan: wayar da ke kai labari zuwa allo ko fitila labari kawai take kaiwa. Ba a ɗora mata yanke wutar mota. Kuma koriyar fitila ba ta maye gurbin gwaji. Madannin da aka shekara ba a taɓa ba, a buga shi da gangan bisa tsari, a ga inji ya tsaya, a rubuta ranar.

Duk inji ne ke buƙatar wannan duka?

A'a. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 13849 ta kasa ƙarfin tsaro mataki biyar, daga a zuwa e. Ana duba munin raunin da zai iya faruwa, da yawan kusantar wurin, da ko mutum zai iya kaucewa. Injin matse ƙarfe da ake sa masa hannu sau ɗaruruwa a yini yana can sama. Nisa ma lissafi ne. Ana ƙiyasta saurin hannu da mita 1.6 zuwa 2 a daƙiƙa ɗaya, don haka injin da ke cin rubu'in daƙiƙa kafin ya tsaya cak, hannu zai iya yin rabin mita a wannan lokaci. Labulen hasken da aka kafa dab da bakin wuƙa bai tsare kowa ba.

Wa abin ya shafa, kuma nawa yake ci?

Ya shafi mai tuƙa inji, da mai shara da ke zura hannu ya ciro tarkace, da mai gyara, da mai masana'anta. A Najeriya Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun hukumar NSITF. Kuɗin rile ɗaya kuwa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin injin da yake tsarewa. Inda kuɗi ya fi tafiya shi ne labulen haske, da ƙwararren da zai tsara aikin, da lokacin da ake tsayawa gwaji.

Ba za a iya yi wa injin dairek ba, aiki ya tafi?

Ana yi, kuma shi ne abin da ya fi damuna. Ƙurar hunturu ta rufe gilashin labulen haske, inji yana ta tsayawa, oda tana jira, sai wani ya ɗauko guntun waya ya haɗa S11 da S12, ya haɗa S21 da S22. Fitilu duk su kama, inji ya tashi. Jan madannin yana nan a wurinsa, amma ko ka buga shi da guduma ba abin da zai faru, kuma wanda ya karɓi aikin dare bai sani ba. Alhali tsumma mai laushi ne maganin ƙurar.

Idan kana aiki da inji, ka nemi a gwada jan madanninsa da ƙofarsa a gabanka. Idan ka sayo tsohon inji daga waje, ka sa a buɗe fanel a nemi irin wannan guntun waya kafin a saka wuta. Idan kuma za ka shiga cikin inji gyara, kada ka dogara da jan madanni: kashe babban makunni, sa masa kwaɗo, ka jefa makullin a aljihunka.