Yaɗiya ko Fataka? Mu duba kafin mu tsinka

Idan damina ta wuce, ciyawa ta bushe, akwai tsire-tsire kaɗan da ke zama kore a kan darnin garka da jikin ƙaya. Biyu daga cikinsu suna yawan fitowa wuri ɗaya. Su ne yaɗiya da fataka. Ɗaya abinci ce, ɗaya kuwa tana da dafi. Tsofaffi ba su ruɗewa da su. Amma yau yara muke aikawa tsinkar ganye, kuma da yawansu ba a taɓa nuna masu bambancin ba.

Dalilin kamar da suke yi shi ne dangi ɗaya ne, su da tunfafiya. Dukansu biyu suna naɗe jikinsu ne a kan abin da suka samu, su hau. Ganyensu na fitowa biyu-biyu, wannan na duban wannan. Idan ƴaƴansu suka bushe suka fashe, iri na fita da farin gashi kamar kaɗa, iska ta ɗauke shi. Shi ya sa muke ganin su a garka ba tare da kowa ya shuka ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce mu karya ɗan reshe ɗanye, mu jira kaɗan. In fataka ce, farin nono zai fito, fari fat kamar na tunfafiya. In yaɗiya ce, ruwan da zai fito ba fari ba ne. Garai-garai yake, yana ɗan danƙo a yatsa. A ganinmu wannan alama ta fi sauran duka, domin ko yaro ƙarami zai iya riƙe ta, kuma tana aiki ko da babu fure babu ƴaƴa. Sai dai mu karya reshen nesa da fuska, kada kuma mu murza ido kafin mu wanke hannu.

Ganye ma yana magana. Na yaɗiya kore ne mai haske, ya fi tsawo bisa faɗi, bakinsa da tsini. Babbansa kan kai santimeta 10. Amma fa yaɗiya na sauya kama: a gindi ɗaya za mu ga wani ganye siriri, wani mai faɗi, saboda haka kada mu tsaya ga ganye guda. Na fataka ƙarami ne, kusan kewayayye, da lotsawa a gindinsa inda ya haɗu da reshe. Launinsa toka-toka ne, gashi mai laushi ya rufe shi ciki da baya. Tsohuwar yaɗiya kuma gindinta na yin ɓawo mai kauri, mai tsage-tsage.

Furen yaɗiya ƙanana ne ƙwarai, fari-fari zuwa ruwan ɗorawa, suna taruwa dunƙule a hammatar ganye. Na fataka sun ɗan fi girma, suna reto a kan ƴan sanduna, kuma da marece suke buɗewa. Ƴaƴan yaɗiya dogaye ne, sumul, da tsini kamar ƙaramar kuɓewa. Na fataka suna fitowa biyu a haɗe, jikinsu da ƙaya-ƙaya masu taushi.

Wani zai ce, to garahuni fa? Shi ba ya cikin wannan rikici. Ganyensa yankakke ne kamar yatsu, furensa ɗorawa, ɗansa na yin ja idan ya nuna, kuma da ƴan zarurruka yake kama darni.

Yaɗiya ta cancanci mu bar mata wuri. Ana dafa ganyenta da sabon toho har da furen. Tana da ɗan ɗaci, don haka mata kan tafasa ta su zubar da ruwan farko, sannan su yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli ko su sa a dambu. Masu bincike sun auna ganyen, sun samu sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da na alli mai gina ƙashi. A shekarun yunwa, kamar 1984 da 2005, tana cikin ganyayen da suka riƙe gidaje da yawa a karkara. Raƙuma da awaki ma suna cin ta a lokacin da babu wani kore a daji. Wasu na raina ta suna ce mata abincin talaka, alhali kuwa ba ta neman ban-ruwa ko taki.

Fataka ma tana da aikinta, amma ba a tukunya ba. Majema suna amfani da ita wajen cire gashin fata. Abin da ke tuge gashi daga fatar akuya, mu yi tunanin abin da zai yi a cikin yaro. Dafin da ke cikinta zuciya yake taɓawa. Wanda ya ci zai iya yin amai da zawo, jiri ya kama shi, bugun zuciyarsa ya rikice. Dabbobi kan guje ta, amma idan yunwa ta matsa, ko aka haɗa ta cikin harawa, suna iya ci su halaka.

Idan nonon fataka ya shiga ido, mu wanke da ruwa mai tsabta, muna zubawa a hankali har minti 15. In zafi ko ja bai ragu ba, sai gidan likita. Idan kuwa yaro ya ci, kada mu tilasta masa amai, kada mu ɗura masa mai ko wani jiƙo, kada kuma mu jira sai alama ta bayyana. Mu kai shi gidan likita nan take, mu tafi da reshen abin da ya ci domin ma'aikatan lafiya su gani da idonsu.

Fatakar da ta fito kusa da gida, ko inda ake ɗaure dabbobi, mu haƙe ta har saiwa tun ƴaƴanta ba su fashe ba. In an sare ta daga sama kawai, za ta sake toho. Mu sa leda a hannu lokacin aikin, mu tara ta inda akuya ba ta kaiwa, idan ta bushe mu ƙone.