Ko Kun Sani? Iskar Hunturu da Tsohuwar Hiace

Hanyar Damagaram zuwa Tanut, wadda ta ratsa Bakin Birji a gundumar Ollelewa, arewa ta miƙa. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take tasowa, saboda haka a haƙarƙari take dukan mota. In gudun iska ya ninka, ƙarfin turinta kan ninka sau 4. Buhunan gero da aka jibga a saman Hiace suna ƙara mata tsawo, iska ta samu wurin kamawa.

Maganin ba tsada: kaya masu nauyi a ƙasa tsakanin tayoyi, iskar taya daidai, a sauya shokazoba in ta mutu. In tankar matatar mai ta SORAZ ta gifta, a rage gudu, a riƙe sitiyari hannu bibbiyu.