Shekara ɗari da saukar jirgin sama a Kano: Ina gidan tarihinsa?

Ranar 1 ga watan Nuwamba na shekarar 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, wasu jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a filin wasan dawaki na Kano. Sun taso ne daga Helwan, kusa da birnin Alƙahira, a ƙarshen watan Oktoba, suka biyo ta Sudan da ƙasar Chadi suna yada zango, a ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Jiragen samfurin DH.9A ne, masu fukafukai hawa biyu, akasarin jikinsu katako ne da yadi, kowanne kuma mutum biyu kacal yake ɗauka. Daga wannan rana ce ake lissafa tarihin sufurin sama a Nijeriya, shi ya sa ma a 2025 aka yi ta maganar cikarsa shekara ɗari.

Abin tambaya a nan shi ne, idan yau wani ɗalibi daga Gummi ko Anka ya je Kano, ya ce yana son ya ga abin da ya saura na wannan tarihi, ina za a nuna masa? Gidan Makama yana nan da tarihin sarauta da na ganuwa, Gidan Ɗan Hausa yana nan da labarin Hanns Vischer da farkon karatun boko. Amma birnin da ya fara karɓar jirgin sama a ƙasar nan ba shi da wani gida sananne da aka keɓe wa tarihin jirgin, inda malami zai kwashi ɗalibansa ya kai su su gani da idonsu.

Ba ƙaramin tarihi ba ne kuwa. A 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Khartum da Kano, kafin daga baya a wannan shekarar ya miƙa hanyar zuwa Legas. Wato jirgin fasinja ya san Kano kafin ya san babban birnin ƙasar na wancan lokaci. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, sai Ingilishi suka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙo su ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Masar. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya. Bayan yaƙi kuma, da yake jiragen wancan zamani ba sa iya cin dogon zango ba tare da shan mai ba, sai Kano ta zama mashaya ga masu ƙetare Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka. Kamfanin KLM na ƙasar Holan ya fara sauka Kano a 1947, bai daina ba sai a 2012. Birnin da ya shafe ɗaruruwan shekaru yana karɓar ayarin raƙuma daga Tarabulus da Agadas, shi ne dai ya zama zangon ayarin sama, kuma dalilin bai canza ba: duk mai son ƙetare hamada dole ya nemi inda zai huta a bakinta.

Mu dubi yadda wasu suka yi da irin wannan gado. A birnin Sharja na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wannan kamfani na Imperial Airways ya samu masauki a 1932, inda aka gina wani gida mai kama da ganuwa domin fasinjojin da ke kan hanyar Indiya su kwana. Da filin ya tsufa, gari ya cinye shi, ba su rushe ginin ba. Suka gyara shi, suka mai da shi gidan tarihi mai suna Al-Mahatta, suka jera tsofaffin jirage a rumfarsa. Shekara huɗu ce kawai tsakanin farkon Sharja da farkon Kano a harkar jirgin fasinja, kamfani ɗaya ne kuma ya buɗe duka biyun. A Afirka ta Kudu, masu sha'awar tarihin kamfanin jiragen ƙasar sun adana tsofaffin jiragensa, har da ƙaton Boeing 747, a filin Rand kusa da Johannesburg. A Washington ta Amurka kuwa, jirgin da 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka fara tashi da shi a 1903 yana nan a ajiye, jama'a na tururuwar kallonsa.

Akwai kuma gidan tarihin da ke hedikwatar Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, a birnin Montreal na Kanada. Shi wannan ba rumfar jirage ba ce, abin da ya fi ba muhimmanci shi ne labarin yadda ƙasashe suka amince su bi ƙa'ida ɗaya a sararin sama. Ranar 7 ga Disamba, 1944, ana tsakiyar yaƙi, ƙasashe 52 suka sa hannu kan yarjejeniyar Chicago, wadda ta fara aiki a 1947 ta haifar da hukumar. Yau ƙasashe 193 ne a cikinta. Daga wannan tsari ne aka samu cewa kowane jirgin farar hula na Nijeriya lambarsa tana farawa da 5N, na Nijar kuma da 5U. Daga nan ne aka samu ƙa'idar fasfon da na'ura ke karantawa, wanda kowane maniyyaci yake riƙe da shi. Nijeriya ta shiga hukumar a shekarar da ta samu 'yanci, kuma ɗan ƙasar nan, Dokta Olumuyiwa Benard Aliu, shi ne ɗan Afirka na farko da ya shugabanci majalisarta, daga 2014 zuwa 2019. Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya ma, wadda aka kafa a 1964, da hannun wannan hukuma da na Majalisar Ɗinkin Duniya aka tayar da ita. A can Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja a Nijeriya, ta yi karatu, daga baya ta dawo ta shugabanci makarantar.

To, amma a ganina, babban dalilin da ya sa Arewa take bukatar irin wannan gida ba Turawa ne ko yarjejeniyoyinsu ba. Aikin Hajji ne. Ga Bahaushe, labarin jirgin sama labarin hanyar Makka ne. Kakanninmu da ƙafa suke tafiya, ko bisa jaki da raƙumi, ta Borno da Wadai da Darfur, su ƙetare kogin Nilu, su isa gaɓar Bahar Maliya a Sawakin. Mutum kan yi sallama da danginsa sallamar da ba a sa ran dawowa. Wani ya yi shekara biyar a hanya, wani goma, yana tsayawa ya yi noma ko ƙodago ya samu guzuri, wani kuma a can zai yi aure ya hayayyafa, zancen komowa gida ya sha ruwa. Hausawan da ke zaune a Sudan a yau, da yawansu jikokin waɗannan matafiya ne, ban da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno.

Jirgin sama ya zo ya mai da tafiyar shekaru ta koma ta awa huɗu ko biyar. Babu wata na'ura, in ka ɗebe rediyo, da ta taɓa rayuwar addinin talakan Arewa kamar wannan. Manomi a Nasarawar Burkullu ko a ƙauyukan Bukkuyum, wanda ko Kaduna bai taɓa zuwa ba, sai ya sayar da amfanin gona da 'yan shanunsa, a ɗebe shi a mota zuwa Sakkwato, ya kwana a sansanin alhazai, gari ya waye ya gan shi a Jidda. Hawansa jirgi na farko ke nan, watakila kuma na ƙarshe. Yadda lakabin Alhaji da Hajiya ya yawaita, da yadda kayan tsaraba suka sauya ado da kasuwanci, daga darduma da zamzam zuwa haƙorin Makka, duk suna da alaƙa da wannan sauyi. Wannan tarihin jama'a ne, ba na injiniyoyi kaɗai ba, kuma masu riƙe da shi tsofaffi ne da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka ji labarin tafiyar ƙasa daga bakin iyayensu, da waɗanda suka hau jirgin alhazai a shekarun 1960, ba su da yawa yanzu. Tsohon fasfonsu da katin allurar rigakafi da tikitin jirgi suna cikin akwatunan ƙarfe a ɗakuna, gara tana ci.

Wannan hanya kuma ta ci rayuka, kuma ya kamata a samu inda ake tunawa da su. Ranar 22 ga Janairu, 1973, wani jirgi Boeing 707 na kamfanin ƙasar Jodan da aka yi haya domin kwaso alhazai ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. A lokacin, duniya ba ta taɓa ganin hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba. Ranar 11 ga Yuli, 1991, jirgin DC-8 da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashi, duk mutum 261 da ke ciki suka riga mu gidan gaskiya, akasarinsu alhazai ne masu komowa gida. Idan mai karatu bai manta ba, a wancan lokaci ba a ƙirƙiro Jihar Zamfara ba, sai a 1996, saboda haka makokin na tsohuwar Jihar Sakkwato ne baki ɗaya. Bincike ya nuna cewa tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska, aka tashi da shi a haka don gudun ɓata lokaci, taya ta fashe, wuta ta kama. Sai kuma jirgin EAS da ya faɗa kan gidajen jama'a a unguwar Gwammaja ta Kano ranar 4 ga Mayu, 2002, da jirgin ADC na ranar 29 ga Oktoba, 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a cikinsa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mun yarda da ƙaddara, amma ɗalibin da ke koyon gyaran jirgi a Zariya ya kamata ya tsaya gaban labarin waccan taya ta Jidda ya karanta shi da natsuwa, ya san abin da sakaci na minti kaɗan ke jawowa.

Na san wani zai ce, ana ta kai wa yake ta kaya? Yankin da ke fama da 'yan bindiga, inda a 2021 ma sai da Gwamnatin Tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara, ina shi ina zancen gidan tarihi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma babu mai hankalin da zai ce a ɗauki kuɗin asibiti ko na tsaro a zuba a nan. Sai dai abin da ake bukata bai kai yadda ake zato ba. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana da tsofaffin gine-gine da filin Allah, ɗaki biyu ko uku sun isa a fara. Takardu da hotuna suna nan a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita tun 1939. Sassan tarihi na Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna da ɗaliban da kowace shekara suke neman abin da za su yi bincike a kai; a tura su garuruwansu da na'urar ɗaukar magana su zauna da tsofaffin alhazai. Wannan aikin bai fi ƙarfin sashe ɗaya na jami'a ba, kuma shi ne wanda ba ya jira.

Jiragen kansu su ne suka fi saurin ɓacewa. Kamfanin Nigeria Airways, mai tambarin giwa da fukafukai, ya yi aiki daga 1958 zuwa 2003. Kamfanin Kabo Air, wanda marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano a 1980, ya kwashi alhazai shekara da shekaru. Idan jirgi ya gama aiki a ƙasar nan, abin da aka saba gani shi ne a yasar da shi a gefen fili, ciyawa ta rufe shi, ranar da hukuma ta gaji da ganinsa ta ba da umarnin a kwashe, ya ƙare a hannun 'yan gwangwan. Alhali a Umuahia an adana jiragen yaƙin basasa a gidan tarihin yaƙi, ana zuwa kallonsu. Ashe za a iya, in an so. Ko jirgi ɗaya aka ceto daga cikin waɗanda suka yi jigilar alhazai, aka share shi aka kafa masa matakala, ya ishi yaron da bai taɓa ganin cikin jirgi ba ya shiga ya zauna, ya leƙa ɗakin matuƙi.

Wa zai ɗauki nauyi? Filin na Hukumar Kula da Filayen Jiragen Sama ta Tarayya ne, adana kayan tarihi kuma aikin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ne, sannan Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006, ita ce magajiyar takardun aikin Hajji. Sai dai duk wanda ya san yadda ofisoshin gwamnati ke aiki ya san cewa abin da ya rataya a wuyan hukuma uku, a ƙarshe babu mai shi. Shi ya sa ido ya fi karkata ga Gwamnatin Jihar Kano da masarauta, da kuma attajiran Arewa masu kamfanonin jirage irin su Max Air da Azman, waɗanda suka gaji kasuwar da su Ɗankabo suka share wa hanya. A 2024 aka ƙaddamar da aikin gina filin jirgin sama na Gusau. Da masu aikin za su ware ko da bango ɗaya na zauren matafiya, su rubuta hanyar da alhazan Zamfara suka bi da ƙafa, zango bayan zango har Sawakin, da sun riga Kano farawa.