Ciwon Ƙoda da Gigin Tsufa: Dangantakar da Ke Tsakaninsu

A Mada da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Tsafe da Bungudu, idan dattijo ya fara mance sunayen jikokinsa, ko ya riƙa rikicewa wajen ƙidayar raka'o'in salla, akan ce gigin tsufa ne ya kama shi, sai a rungumi ƙaddara. Amma binciken likitoci ya nuna cewa a wasu lokuta tushen al'amarin yana cikin ƙoda, gaɓar da ba a cika danganta ta da hankali ba.

Hanya ta farko da ciwon ƙoda ke haɗuwa da raunin tunani ita ce ta jijiyoyin jini. Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan matatai kimanin miliyan ɗaya, kuma a kowace rana ƙodojin biyu sukan tace ruwan jini kusan lita 180. Ƙoda da ƙwaƙwalwa duk sun dogara ne ga ƙananan jijiyoyi masu laushi, waɗanda jini ke kwarara cikinsu dare da rana. Saboda haka hawan jini da ciwon sukari, waɗanda su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, suna yi wa ƙwaƙwalwa irin wannan ɓarna a lokaci guda. Furotin da aka gani a fitsarin tsoho alama ce ta cewa wataƙila jijiyoyin kansa ma sun fara taɓuwa.

Hanya ta biyu ita ce taruwar datti. Idan ƙoda ta gaza, abin da ya kamata ya fita ta fitsari sai ya tsaya cikin jini, ya jawo kasala, da yawan gyangyaɗi, da ruɗewa. Wasu magunguna ma sukan daɗe a jiki fiye da kima, su gigita mai shan su. Ta uku kuwa ita ce ƙarancin jini, domin ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jajayen ƙwayoyin jini.

Akwai kuma gubar da ke cutar da gaɓoɓin biyu tare, wadda Zamfara ta ɗanɗana kuɗarta. A shekarar 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinariya ta halaka yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Dalma takan zauna cikin ƙashi shekaru masu yawa, ga manya kuwa tana haddasa hawan jini, da ciwon ƙoda, da raunin tunani.

Ciwon ƙoda ba ya yin shela. Yakan yi nisa kafin kumburin ƙafa ya bayyana. Don haka ɗalibi ko ma'aikacin da ya ga mahaifinsa ya fara mantuwa, ya kamata ya kai shi asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, a auna hawan jini da sukari, a gwada fitsari da jini. A kuma raba tsofaffi da yawan shan ƙwayoyin ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac ba da umarnin likita ba, musamman cikin zafin bazara. Jijiyar ƙwaƙwalwa da ta riga ta mutu ba ta dawowa, amma ruɗewar da dattin jini ko ƙarancinsa ya jawo takan yi sauƙi idan an gano ta da wuri.