Hunturu Ya Shigo: Ruwan Citta da Lemun Tsami da Zuma Don Mai Mura

Ga hunturu ya kankama. Tun daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu iska takan taso daga gabas maso arewa, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Cadi, ta zubo mana ita daga Difa har Yamai. Da asuba ɗari ya hana tsoho fita, da hantsi hazo ya rufe rana, leɓe ya tsage, maƙoshi ya bushe. A masallaci tari, a kasuwa tari, a ajin yaƙi da jahilci malami yana karantarwa rabin ɗalibansa suna atishawa. A ofisoshin gwamnati ma sai ka tarar da kujeru babu masu su, in ka tambaya a ce maka mura ta kwantar da su.

Yau za mu yi magana bisa wani abin sha mai ɗumi wanda kowace uwargida ke iya haɗawa da kayan da ke cikin gidanta. Za mu faɗi yadda ake haɗa shi, da amfaninsa, da kuma inda amfanin nan ya tsaya. Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci, domin akwai ciwon da ke shigowa da kamannin mura alhali yana iya ɗauke yaro cikin kwana biyu.

MECE CE MURA?

Mutane da yawa suna cewa sanyi ne ke shiga jiki ya zama mura. Gaskiyar magana, wasu ƙwayoyin cuta ne ƙanana ƙwarai, waɗanda likitoci ke kira birus, kuma irinsu masu kawo mura sun fi 200. Suna bin tari da atishawa da musabaha su tashi daga wannan mutum zuwa wancan. Abin da hunturu ke yi shi ne ya buɗe musu ƙofa: ƙura da busasshiyar iska suna raunana cikin hanci da maƙoshi, ɗari kuma yana tara iyali a ɗaki guda, ƙofa da taga a rufe.

Mura ta yau da kullum takan yi kwana 7 zuwa 10 ta wuce da kanta, ko da yake tarin yakan ɗan daɗe bayan haka. Akwai kuma babbar ƴar'uwarta, wadda ake kira girip a asibiti. Ita takan faɗo farat ɗaya, da masassara mai zafi da ciwon gaɓoɓi da kasala. Irinta ce ta ratsa duniya a 1918 ta hallaka miliyoyin mutane, kakanninmu suka sa mata suna marisuwa.

Abu ɗaya ya kamata kowa ya riƙe. Kafson nan da masu talla ke yawo da shi bisa faranti a tasha da kasuwa, wanda ake kira antibiyotik, ba ya kashe birus ko kaɗan. Wanda ya saye shi don mura ya zubar da kuɗinsa. Mafi muni, yawan shansa ba bisa ƙa'ida ba yana sa wasu ƙwayoyin cutar su saba da shi, ranar da ake bukatarsa da gaske ya ƙi aiki.

YADDA AKE HAƊA SHI

Kayan ba su da yawa. Ga abin da ake bukata domin kofi biyu:

Ruwa mai tsabta rabin lita. Ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, ko garin busasshiya rabin ƙaramin cokali. Kanumfari ƙwara 3 ko 4. Lemun tsami guda. Zuma ƙaramin cokali 1 ko 2 ga kowane kofi.

Da farko uwargida ta wanke hannunta da sabulu. Ta wanke cittar, ta kankare bayanta, ta daddaka ta a turmi ko ta yanka ta siri-siri. Ta zuba citta da kanumfari cikin ruwan, ta rufe tukunya, ta ɗora a wuta. In ya tafasa sai ta rage wutar, ya ci gaba da dahuwa a hankali kamar minti 10. Sannan ta sauke, ta tace da rariya ko ƙyalle mai tsabta.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kada a matsa lemun tsami cikin tukunya tana bisa wuta, domin zafi mai yawa yana lalata bitamin C da ke cikinsa. A bari ruwan ya huce har baki ya iya ɗaukarsa, sannan a matsa rabin lemu cikin kofi, a zuba zuma, a motsa. A sha da ɗuminsa, kurɓi-kurɓi, ana shaƙar tururin. Babba yana iya shan kofi 3 ko 4 a yini, na ƙarshe gab da kwanciya, lokacin da tari ya fi damun mutum.

Wanda ke da ganyen na'ana'a yana iya jefa kaɗan bayan an sauke. Inda babu lemu, jiƙaƙƙiyar tsamiya tana ba da tsamin. Inda zuma ta yi tsada, sukari kaɗan yana taimakawa, ko da yake bai kai ta ba. Amma a yi hattara da tonka da masoro: yaji in ya yi yawa yana ƙara ƙaiƙayin maƙoshi, yana kuma tayar da ciwon ciki. Kanwa kuwa ba ta da wuri a cikin wannan haɗi.

Kayan nan duk a kusa suke. Yawancin cittar da muke gani a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni daga kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kaciya da Kafancan. Kanumfari ya fi nisan tafiya, daga wurare irin su Zanzibar da Madagaska. Zuma kuwa tamu ce, masu kafa amya a yankin Gaya da Madarunfa da Magarya sun san ta tun kaka da kakanni.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Wani zai ce, shin wannan ba camfin tsofaffi ba ne? A'a. A 2008 masana a wata cibiyar binciken mura ta Jami'ar Kadif, a ƙasar Birtaniya, sun gwada abin sha mai zafi a kan mutane 30 masu mura. Suka ga nan take mutanen sun ji sauƙin yoyon hanci da tari da atishawa da ciwon maƙoshi da jin sanyi, fiye da lokacin da aka sha abin nan bai da zafi. A 2020 kuma masana na Jami'ar Okisfod suka tattara bincike 14 da aka yi game da zuma, suka ga tana rage yawan tari da tsananinsa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ita ma ta daɗe da lasafta ruwan ɗumi da zuma da lemu cikin abubuwan da ke lallashin maƙoshi ba tare da cutarwa ba.

Dalilin a fili yake. Ɗumi da zaƙi da tsami suna sa yawu ya kawo, maƙoshi ya jiƙe, ƙaiƙayin da ke tayar da tari ya lafa. Ruwan kansa yana maye abin da jiki ya rasa ta hanyar zufa da majina. To amma mu faɗi gaskiya: abin shan nan ba ya kashe birus, ba ya kuma korar mura kafin kwananta. Sauƙi yake kawowa, mutum ya samu barci, jiki ya yi nasa yaƙin.

YARA ƘANANA: A KULA ƘWARAI

Kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da ɗigo ne, ko a bakin jariri sabuwar haihuwa. Zuma takan ɗauki wasu ƙwayoyin cuta waɗanda hanjin babba ke iya shawo kansu, amma a hanjin jariri sai su tsiro su fitar da dafi mai shanye jiki, har numfashi ya gagara. Tafasa zumar ba ta kashe su.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai ya ishe shi, babu ruwa, babu jiƙo. In yana mura a ƙara ba shi nono a kai a kai. In hancinsa ya toshe har ya kasa tsotso, a share shi da ƙyalle mai laushi da aka jiƙa da tafasasshen ruwa mai ɗan gishiri.

Yaron da ya wuce shekara ɗaya a ba shi ruwan ɗumi da ɗigon lemu da zuma rabin ƙaramin cokali zuwa cokali guda, ba citta mai yawa ba. Uwa ta ɗanɗana tukuna don kada ya ƙone. In jikinsa ya yi zafi, farasetamol ake ba shi bisa awon da malamin asibiti ya faɗa. Asfirin ba na yara ba ne. Manya masu ciwon sukari su ma su rage zuma, ko su sha haɗin babu ita.

YAUSHE ZA A AJIYE KOFI A TAFI ASIBITI?

Ciwon huhu yana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara ƴan ƙasa da shekara 5, kuma sau da yawa da tari da majina yake farawa. Alamarsa saurin numfashi. Duk wanda ya iya ƙirga yana iya gane ta, wannan ma ɗaya ce daga ribar karatun manya. A bari yaro ya natsu, a buɗe ƙirjinsa, a duba agogo, a ƙirga numfashinsa minti guda cur. In bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye haɗari ne. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40 ko fiye. Haka nan in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko barci ya danne shi ba a iya tayar da shi. A ɗauke shi a ranar, ko da dare ne. Mu tuna a 2006 gwamnati ta ɗauki ƙudurin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta, don kada tsoron kuɗi ya tsayar da iyaye.

Lokacin ƙura kuma shi ne lokacin sanƙarau. Ba mu manta da 2015 ba, shekarar da ciwon ya kama mutane fiye da 8.000 a ƙasarmu, ya kashe fiye da 500, abin ya fi tsanani a Yamai da jihar Doso. Masassara mai zafi da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya ba mura ba ce, kada a tsaya dafa citta. Duk masassarar da ta zo, musamman ga yaro da mace mai ciki, a je a auna jini, domin zazzaɓin cizon sauro bai ɗauke ƙafa don damina ta wuce ba. Tarin da ya haura mako 2 a kai shi a auna, ko tarin fuka ne. Tsoho ko babba da numfashi ya yi wa wuya, ko ƙirji ke suka, shi ma asibiti ne wurinsa.

Sai gargaɗi na ƙarshe. Kada a shiga da murhun gawayi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda ke kashe mutum cikin barci.

Muna kira ga malaman yaƙi da jahilci su karanta wannan shafi a aji, su koya wa ɗalibai ƙirga numfashi da agogo. Masu gari da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata su isar da saƙon ga waɗanda jarida ba ta kai gare su. Ma'aikacin da girip ya kama ya nemi izini ya huta a gida, ya fi ya rarraba ta ga abokan aiki. Mai tari ya rufe bakinsa, kowa ya yawaita wanke hannu, a rufa wa yara ƙirji da asuba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya fitar da mu hunturun bana lafiya, amin.